An tsayar wa mahaifinmu da kemo an miƙa shi hannun nas, tana ba shi mofin: mun yi laifi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Mahaifinmu ya haura shekara sittin da biyar, ɗan kasuwa ne, kuma kusan shekara uku ke nan yana fama da sankarar jini, irin wadda take zama a ɓargo tana cin ƙashi. An yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya samu sauƙi har ya koma kasuwa, daga baya ciwon ya dawo. An canza magani, bai karɓe shi ba. Yanzu likitocin jini sun kira yayanmu sun ce babu sauran maganin da suke sa ran zai tsayar da cutar, ci gaba da kemo wahala kawai zai ƙara masa. Sun haɗa mu da sashen da ke kula da masu irin wannan jinya, wata nas ce ke jagorantarsa. Ita ke duba shi, wani lokaci har gida take zuwa, ta kuma ɗora shi a kan mofin, wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi, na ruwa da ake ba shi a baki duk bayan awa huɗu, likita ne ke sa hannu a takardar. Tun da aka fara yake samun barci. Ana ci gaba da yi masa ƙarin jini, in an yi sai ya kwana biyu da ƙarfinsa, amma Yaya ya ce kuɗi sun fara gazawa.

Baffanmu, ƙanin Baba, ya zo ya ce mun yi watsi da mahaifinmu, mun cire rai daga rahamar Allah, mun bar shi a hannun nas mace, ba ma likita ba. Ya ce mofin ƙwaya ce, haramun ce kamar giya, tana gaggauta mutuwa, za ta hana shi cikawa da kalmar shahada, kuma ciwon kaffara ne, mu bar shi ya samu ladansa. Shi Baba bai san an tsayar da kemo ba, Yaya ya ce mu gaya masa hutu aka ba shi kada hankalinsa ya tashi. Ni ce mai jinyarsa, ni nake auna maganin, duk sanda na ɗauki sirinjin sai hannuna ya riƙa rawa. Malam, mun yi laifi da muka yarda aka tsayar da magani? Kuma ina cikin zunubi in na ba shi mofin ɗin nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba mahaifinku lafiya, ke kuma ya saka miki da mafificin abin da yake saka wa masu biyayya ga iyaye.

'Yata, tambayoyinki biyu ba su da wuya. Tsayar da maganin da masana suka ce ya daina amfani halal ne. Ba da mofin bisa awon da aka rubuta miki halal ne, har ina sa miki ran lada a kai. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da kika faɗa a wuce, ba ki ma tambaye ni a kanta ba: kin ce mahaifinku bai san an tsayar da kemo ba. A nan hukuncin ya juya.

Mutumin da kika siffanta yana cikin hankalinsa. Yana magana, yana gane mutane, in an ƙara masa jini har tashi yake yi. Irin wannan mutum babu mai walicci a kan jikinsa, ba ke ba, ba yayanki ba, ba Baffa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zaman da ta yi a Jidda a 1992, ta fayyace cewa izinin yin magani na mara lafiya ne matuƙar hankalinsa cikakke ne, waliyyi yana shigowa ne in hankalin ya gushe ko ya raunana. Wanda izinin farawa yake hannunsa, shawarar dainawa ma tasa ce. A jinyarsa ta ƙarshe, an ɗura wa Manzon Allah (SAW) magani ta gefen baki bayan ya yi nuni kada a yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci. Da ya farfaɗo sai ya sa aka ɗura wa duk wanda yake ɗakin, ban da Abbas da bai halarci abin ba. Iyalinsa ne suka yi haka, kuma don ƙauna suka yi, amma ƙaunar ba ta ba su ikon yanke hukunci a kan jikinsa ba.

Shawarar da kuka yanke daidai ce a kanta, sai dai ba ku ne masu yanke ta ba. Gyaran kuwa bai wuce ku mayar masa da haƙƙinsa.

Na san inda yayanki ya dosa, kuma ba na zarginsa da komai sai tausayi. Haka muka tashi muka ga ana yi, likita ya ja babban ɗa gefe, a fito a ce wa dattijo da sauƙi. Wasu kan kafa hujja da hadisin da ya ce in kun shiga wurin mara lafiya ku sa masa ran tsawon kwana. Hadisin mai rauni ne, kuma ko da ya inganta, magana mai daɗi yake nufi, bai halatta ƙarya ba. Cewa hutu aka ba shi ƙarya ce, wadda za ku riƙa sabuntawa duk ranar da ya tambaya yaushe za a koma. Ki duba abin da kuke hana shi. Mahaifinku ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuwa ba ya rasa bashin da yake bi da wanda ake binsa, da kayan mutane a rumfarsa, da ajiyar da shi kaɗai ya san mai ita, da filin da aka yi cinikinsa da baki ba takarda. Wataƙila akwai ɗan'uwan da suka daɗe ba sa gaisawa. Wataƙila yana da nufin wasiyya da wani abu daga sulusin dukiyarsa. Lokacin da aka soki Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, aka ba shi madara ta fito ta wurin raunin, a take aka ce masa ya yi wasiyya. Babu wanda ya ce a bari kada hankalinsa ya tashi, kuma a 'yan kwanakin nan ne ya sa aka lissafa bashinsa, ya nemi izinin A'isha kan inda za a binne shi, ya tsara yadda za a zaɓi wanda zai gaje shi.

Akwai kuma abin da ya sa nake gaggauta ku, wanda ya keɓanci ciwon jini. Likitocin da nake tuntuɓa a irin waɗannan mas'aloli sukan ce wannan cutar tana da ruɗi. Ana ƙara leda ɗaya ko biyu sai mutum ya washe, ya nemi abinci, ya zauna ana hira, iyali su ce ai ya warware. Amma ɓargon da ke ƙera jinin ya gaza, garkuwar jiki ta yi ƙasa, zazzaɓi ɗaya ko zubar jini ɗaya kan iya juya al'amari cikin dare guda. Saboda haka kada ku ce sai ya ɗan ƙara samun ƙarfi. Kwanakin nan da yake da ƙarfi bayan ƙarin jini su ne lokacin maganar.

Ba na cewa ku shiga ku watsa masa labari a fuska. Kada kowa ya ambaci wata ko mako, domin likita ma kintace yake yi, ajali na Allah ne. Ku nemi nas ɗin nan ta zauna tare da ku, wannan yana cikin abin da aka horar da ita a kai. A fara da tambayarsa yadda yake ganin jikinsa, a tafi da shi gwargwadon abin da yake son ji. Kada ki yi mamaki in kin tarar ya riga ya sani. Jiki magayi, kuma iyaye da yawa kan gane su yi shiru don kada 'ya'yansu su karaya, sai ya zama kowa yana ɓoye wa kowa abu ɗaya. In ya ce ba ya son jin bayani, ku yi abin da kuka ga ya dace, to ya wakilta ku, kuma wakilcin ya inganta. In ya ce yana so a ƙara gwada wani magani da dukiyarsa, kuma akwai likitan kirki da ya ga da hanya, haƙƙinsa ne, babu magajin da ya isa ya hana shi don tattalin abin da za a raba. Mahaifiyarku ma, in ba ta sani ba, ta fi ku cancantar sani.

Tsayar da kemo ba sai na ja ki da nisa ba. Magani yana wajaba ne in an kyautata zaton yinsa tsira ne, barinsa halaka. Wanda ya zama wahala ba amfani, barinsa ba laifi ba ne a wurin kowa. Zaman Jidda ɗin da na ambata ya ce abin da za a kira ciwon da magani ya gaza yana komawa ne ga ƙiyasin likitoci da abin da ake da shi a wannan wuri da wannan lokaci, tare da wajabta ci gaba da kula da majinyaci da sauƙaƙa masa raɗaɗi ko ana sa ran warkewa ko ba a sa. Kwamitin fatawa na Saudiyya, a 1409 bayan Hijira, ya halatta ma barin farfaɗo da zuciya in likitoci uku ƙwararru amintattu sun ce ba zai amfanar ba. Ku dai tabbatar maganar ba ta likita ɗaya ba ce. In zuciyarku ba ta natsu ba ku ɗauki fayil ɗinsa ku kai wa wani likitan jini sau ɗaya, sannan ku tsaya. Ba a wajabta muku sayar da gidan da iyali ke ciki don a ɗauki mai karyayyen ƙashi zuwa Indiya ko Masar ba. Cire rai daga rahamar Allah kuwa aikin zuciya ne, ba a gane shi da yawan allura. Ku ci gaba da roƙa masa lafiya da gaske, ku yi masa tofi, ku ba shi zamzam.

A maganar nas, Baffa ya cakuɗa abu biyu. Kasancewarta mace ba ya buƙatar dogon bayani, a tantin Rufaida, sahabiya mai jinyar masu rauni, aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. Kada a kaɗaita, kada a buɗe abin da aiki bai kai gare shi ba, shi ke nan. Tsarki da wanka da canza kaya na matarsa ne da 'ya'yansa maza, ita ta koya musu yadda ake juya mai ciwon ƙashi. Kasancewarta ba likita ba kuma, shari'a sanin aiki take dubawa. Hukuncin cewa maganin cutar ya ƙare na likitocin jini ne, su kuma suka yanke. Abin da ya rage, wato auna ciwo, daidaita magani, hana gyambon kwanciya, bushewar baki, tashin zuciya, zama da iyali, fanni ne mai zaman kansa, kuma masu jinya ne ƙashin bayansa. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan irin wannan kulawa a Landan a 1967, da aikin nas ta fara. A Yuganda tun 2004 doka ta ba nas-nas masu horo na musamman ikon rubuta mofin da kansu, saboda likitoci ba sa isa ƙauyuka. Likitan jini a asibitin koyarwa layi ne a ƙofarsa, ba zai zo ɗakin mahaifinku ya ga yadda yake juyi ba. Ita tana zuwa. Hadisin da ya ce wanda ya yi likitanci ba a san shi da shi ba shi ne mai lamuni bai hau kanta ba, ya fi kusa da mu 'yan gida, masu ƙara wannan mu rage wancan don wani ya faɗa.

Yanzu ga mofin, kuma a nan zan daɗe, domin ra'ayin Baffa ba nasa ne shi kaɗai ba. Ana jin sa a bakin wasu masu wa'azi, har cikin ma'aikatan asibiti akwai masu tsoronta, sakamakon kuma yana nan a ɗakunan jinya, dattijo yana cizon matashin kai da tsakar dare don kada 'ya'yansa su ji nishinsa.

Hujjarsa ta farko ƙiyasi ce da giya, bisa hadisin da Annabi (SAW) ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce. Hadisin ingantacce ne, amma giya aka tambaye shi. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Ƙarafi, sun raba abin da ke taɓa hankali gida uku. Akwai mai bugarwa, wanda ke gusar da hankali tare da annashuwa da nishaɗi, shi ne giya da danginta. Akwai mai dagula hankali ba tare da wannan annashuwar ba. Akwai mai kwantarwa, wanda ke ɗauke hankali da ji gaba ɗaya, irin zaƙami. Na farkon najasa ne, akwai haddi a kansa, kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haramun. Biyun ƙarshe masu tsarki ne, babu haddi sai ladabtarwa, kuma abin da ya haramta daga cikinsu shi ne gwargwadon da ya taɓa hankali. Afyun, wanda daga shi ake tace mofin, a gida na biyu suka sa shi. Wannan hukuncin mai lafiya ke nan. Mai lalura kuwa, Ibnu Farhun ya halatta a shayar da shi abin da zai kwantar da shi don a yanke masa gaɓa, Nawawi ma a Shafi'iyya ya rinjayar da haka. Gaskiya ne akwai malaman da suka tsananta suka riskar da wiwi da ire-irenta ga giya, amma fushinsu a kan masu sha don holewa ne, kuma aikin Musulmi a ko'ina ya gudana a kan halaccin allurar barci a ɗakin tiyata. In 'yar Baffa za a yi wa tiyatar haihuwa, ba zai ce a yanka ta ido biyu ba. To wadda aka halatta mata abin da zai ɗauke hankalinta kacokan na awa guda, me zai haramta wa mahaifinku ɗan awon da yake barin sa da hankalinsa, ya ɗauke masa raɗaɗin ƙashin baya da ake ci daga ciki?

Ta biyu, cewa tana gaggauta mutuwa. Yadda masu wannan aiki suke yi shi ne su fara da kaɗan, su riƙa ƙarawa sannu a hankali gwargwadon ciwon, jiki yana sabawa. A haka ba ta rage kwana. Haɗarin danne numfashi yana zuwa ne in an dankara wa wanda bai saba ba mai yawa lokaci guda. Abin da ya sa mutanenmu suka ɗauke ta allurar sallama shi ne, a asibitocinmu sau da yawa ba a kawo ta sai mutum ya kai gargara, ya cika bayan kwana ɗaya ko biyu, a ce ita ce. Cutar ce ta kashe shi, maganin ya makara ne. A fiƙihu abu biyu ake dubawa, niyyar mai bayarwa, da kuma ko awon da aka bayar yana kisa bisa al'ada. Niyyarki sauƙi ce, awon kuma masana suka yanka. In ajalinsa ya zo minti biyar bayan kin ba shi, babu komai a kanki, babu diyya babu kaffara, kada kuma ki bari shaiɗan ya zauna miki a kai. Wanda kuwa ya zuba mai yawa da nufin ya huta gaba ɗaya, ya yi kisan kai, ko da mara lafiyar ne ya roƙa, ko da tausayi ne ya sa shi.

A nan ina da gargaɗi gare ki ke kanki. Wannan nau'in sankara yana taɓa ƙoda, mofin kuma ta ƙoda take fita daga jiki. In ƙodar ta yi rauni sai ta taru. Don haka kada ki ƙara ko ɗigo a kan abin da aka rubuta, in ciwo ya keto tsakanin lokuta ki bi abin da nas ta tsara miki don irin wannan, in ba ta tsara ba ki tambaye ta. Ki samu littafi ki riƙa rubuta lokaci da awo. In kin ga barcinsa ya yi nauyi fiye da yadda aka saba, ko gaɓoɓinsa suna fizga, ko fitsari ya ragu, ki kira ta nan take. Haka kuma kada ki datse maganin rana ɗaya don Baffa ya yi faɗa, datsewa kwatsam tana dawo da ciwon ta ƙara da wata wahalar. Maganin sakin ciki da aka haɗa miki da shi kada ki raina shi, mofin tana ɗaure ciki.

Ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ta sa ba zan yi wa Baffa tsawa ba, domin tsoron mai ƙaunar ɗan'uwansa ne: kada ya cika ba shahada a bakinsa. Amma ki tuna yadda mahaifinku yake kafin a fara maganin. Wanda ƙashinsa ke sara, bai runtsa ba kwana da kwanaki, shi ya fi kusa da rasa natsuwar zikiri, har wani ciwo kan kai shi ga furta abin da bai dace ba game da ƙaddara. Gyangyaɗin da mofin ke sawa yakan yi yawa ne a kwanakin farko ko in an ƙara awo, sannan ya lafa. Ruɗewar da kan zo wa masu wannan cuta ma sau da yawa daga wani wuri take, daga ƙoda, ko zazzaɓi, ko sinadarin ƙashi da ke narkewa ya cika jini, kuma wasu daga cikinsu ana iya gyara su in an sanar da wuri. Sannan ba a shar'anta cewa shahada sai ta zo daidai da fitar numfashin ƙarshe ba. Abin da aka ce shi ne ta zama ƙarshen maganarsa. Da wani ya riƙa nanata wa Abdullahi ɗan Mubarak ita a jinyar ajalinsa, sai ya ce masa in na faɗa sau ɗaya ina nan a kanta matuƙar ban yi wata magana ba. Wanda ya faɗe ta da la'asar, ya yi barci, ya cika da asuba, da ita ya cika. Wanda ma bai samu furtawa ba, kamar mai haɗarin mota ko wanda ya tafi cikin barci, hadisin Usman a Muslim ya ishe shi: wanda ya mutu yana sane da cewa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah zai shiga Aljanna. Ki riƙa ambatonta a kusa da shi a hankali lokacin da yake a farke, ba tare da ce masa faɗi ba. Sa majinyaci barci mai nauyi da gangan kuwa wani babi ne daban, ba a zuwa gare shi sai komai ya gaza, kuma da izininsa ko na waliyyinsa. Ba shi kike yi ba.

Ta huɗu, cewa ciwo kaffara ne. Haka ne, kuma mahaifinku yana da rabonsa mai yawa, ko an ɗauke raɗaɗin akwai kasala da kwanciya da rabuwa da kasuwa da masallaci. Amma ba a umarce mu mu tara wa kanmu azaba ba. Wanda ya gaya mana zazzaɓi yana kankare zunubi shi ne ya ce a sanyaya shi da ruwa, kuma a magagin ajalinsa yana tsoma hannu a ruwa yana shafa fuskarsa. Matar nan mai farfaɗiya da Annabi (SAW) ya ba zaɓi tsakanin addu'a da haƙuri, a kan jikinta ta zaɓa. Babu wanda ya isa ya zaɓa wa wani haƙuri a kan ciwon da ba shi yake ji ba. In mahaifinku da bakinsa ya ce a rage masa don ya fi son ya zama garau ko da zai ɗan ji ciwo, a sanar da nas a bi zaɓinsa. Kin ga mun sake dawowa ga sanar da shi.

Inda Baffa yake da gaskiya shi ne tsoron ƙwaya. Mun ga abin da taramol da kodin suka yi wa samari da matan aure, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Kwalbar da ke hannunki amana ce. Ki kulle ta, makulli a jikinki, kada ta kwana a kan tebur a gidan da yara da samari ke shige da fice. Kada ki ɗiba wa maƙwabciya mai ciwon baya. In buƙatarta ta ƙare ki mayar da ragowar asibiti. Shi kuma Baffa uba ne, kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane, kada ki tura masa wannan amsar a waya kamar kin ci nasara. Ku gayyace shi ranar da nas za ta zo, ya yi tambayoyinsa, a ba shi wani aiki a jinyar, ko da karatu ne a gefen gado. Sau da yawa mai irin wannan faɗan jin an ware shi ne yake damunsa.

Ƙarin jini hukuncinsa ba ɗaya ba ne da na kemo, kada ku haɗa su. Kin ce yana tayar da shi, to magani ne mai amfani, ba a barinsa matuƙar akwai hali, kuma dukiyarsa shi ya fi kowa haƙƙi da ita. 'Yan'uwa masu lafiya su je su bayar, kada a bar Yaya shi kaɗai da neman leda, ku kuma guji jinin da ba a tabbatar an gwada shi ba. Sai dai ku sani ɗiban ruwa ne a randa mai yoyo. Ranar na iya zuwa da ƙarfin da yake samu ba zai kai wahalar ɗaukarsa a mota da laluben jijiya ba. In ta zo, masana suka faɗa, shi ma ya yarda, babu laifi a daina. Abinci da ruwa ba a hana shi, ba a kuma tilasta masa. In ya kai ba ya iya haɗiya ki riƙa jiƙa masa leɓe da harshe da auduga.

Za a zo muku da shawarwari, ina roƙonki ki tsaya a bakin ƙofa. Ƙaho sunna ne ga wanda zai amfana, amma mai ƙarancin jini wanda jininsa ba ya saurin daskarewa, tsaga ɗaya na iya zama masifa, don haka kada wanzami ya taɓa shi. Kada a yi masa tausa mai ƙarfi, ƙashin ya yi rauni. Kada a sayo masa magungunan ciwon jiki a kemis, da yawansu suna lalata ƙoda suna sa zubar jini. Jiƙe-jiƙe ma a nuna wa nas tukuna. Masu dubiya su taƙaita, mai tari ko mura ya yi addu'arsa daga waje. In dasashinsa na jini a bar asuwaki mai tauri a koma ga tsumma mai laushi.

Sallarsa mai sauƙi ce. Jinin hanci ko na dasashi ba ya warware alwala a mazhabarmu. In ruwa ko motsi na wahalar da shi ki kawo masa dutsen taimama kan gado. Ya yi a zaune, ko a kwance da nuni. In yana tsoron barci ko ruɗewa za su rinjaye shi, ya haɗa azahar da la'asar a farkon lokacin azahar, magariba da lisha a farkon lokacin magariba. In ya kai ga suma har lokaci ya fita, babu ramuwa a kansa. Kuma ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya.

Wata magana da ba ki tambaya ba. Kada a bar kowa ya shigo masa da takardar fili ko shago ya sa hannu yana cikin gyangyaɗi. Kyautar mai ciwon ajali ba ta wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji. Duk abin da zai faɗa game da dukiya ya faɗe shi yana garau, a gaban shaidu biyu da ba su da rabo a ciki, a rubuta.

Ke kuma, magani duk bayan awa huɗu yana nufin ba kya barcin kirki. Jinyar uba ba a kan 'ya mace kaɗai take ba. Ki gaya wa Yaya a raba dare tsakaninku, nas ta koya wa mutum biyu awon, littafin yana hannun mai tsaron daren. In kina da miji da yara ki nemi yardarsa da kyakkyawar magana, ki kuma riƙa leƙa gidanki. Ku sa ranar zama da mahaifinku cikin makon nan, bayan ƙarin jini na gaba.

Allah ne mafi sani.